Masassarar da Kaska Ta Sa wa Innata

Da sunan Allah mai rahama. Gaisuwa ga duk wanda wannan rubutu ya iske, musamman wanda ke zaune gaban mara lafiya yanzu haka.

Sunana Hamadu. Mushe ne ni, ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye cikin ƙasar Kona. Mahaifiyata ta rasu a ƙarshen daminar bara, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Ƙanwata Hajo ce ta matsa mani in rubuta yadda abin ya kasance, ta ce tunda ni aka kai lakwal, wannan ne rabona na aikin. Na yi ta ɗagawa. Mutane suna zaton baƙin ciki ne ya hana ni. Gaskiyar ita ce har yau ban ji abin da ake cewa ana ji ba. Ina tashi, ina zuwa aji, ina dawowa. Abin da na gani dai ina riƙe da shi, shi zan faɗa.

Mu makiyaya ne. Ruggarmu tana ƙasar Sarkin Hausa, cikin Mayahi, tafiyar hantsi ce a amalanke daga gari. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ƙanena Umaru ke riƙe da shanu, shi da matarsa Dije, ɗakin Inna kuma yana kusa da nasu. Ta haura sittin amma ba ta yarda da zama ba. Ita ke tatsa, ita ke kula da maruƙa, ranar kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka ta tafi saida nono da man shanu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mani magana kai tsaye ba. In tana son abu wurina sai ta dubi Umaru, ina zaune, ta ce, "Ka ce ma wancan kaza." Haka muka tashi, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Lokacin bakansi ne, an rufe lakwal, ina Kona ina noman 'yar gonata, Umaru ya kira ni a salula.

"Hamma, Inna ba ta yi tatsa ba yau."

"Mi ya same ta?"

"Masassara. Jiya ma da ƙyar ta yi."

Na zuba isansi na hau moto. Na iske ta kwance cikin ɗaki, rana tsaka, ta lulluɓa da bargo, ta ɗaure kai tamau da kallabi. Na gaishe ta daga bakin ƙofa. Ba ta buɗe ido ba, ta ce wa Dije, "Wa ya ce a taso shi? Masassarar damina ce."

Duk haka muka ɗauka. Tsakiyar damina ce, kowane gida da mai palu, zazzaɓin sauro, kwance. Umaru ya riga ya sayo ƙwayoyi wurin mai magani na kasuwa, Dije ta dafa ganyen dogon yaro an yi mata sirace. Da safe sai ta yi zufa ta tashi zaune, mu ce Alhamdu lillahi. Kafin la'asar jikin ya koma kamar murhu. Ba ta ce komai yana yi mata ciwo ba sai kai da gaɓɓai, su ma sai an tambaya.

Da satin ya zo ƙarshe ba sauƙi, muka shimfiɗa tabarma cikin amalanke muka kai ta ƙaramar likitar da ta fi kusa da mu. Mun isa da sassafe, mun tarar da mata zaune har bakin hanya, kowace da yaro a cinya, wani yana kuka, wani ya wuce kuka. Babban ma'aikacin wurin, wanda muke ce wa majo, shi kaɗai ne da mataimakiya guda. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Ya soki yatsarta, ya ɗiga jinin cikin 'yar robar gwaji, ya ajiye gefe, ya duba idonta da harshenta kafin sakamako ya fito.

"Ina ke maki ciwo, Inna?"

"Kai."

"Sai ina?"

Ɗakin ba labule, ƙofa a buɗe, ni ina tsaye, Umaru yana tsaye. Ta ƙara jan mayafinta.

Majo ya ɗaga robar ya ce, "Gwajin bai nuna palu ba. Amma kun ce ta sha ƙwayoyin kasuwa, suna iya ɓoye shi. Ga magani, ku ba ta yadda na rubuta. In bai sauka ba ku dawo." Kafin mu ɗaga ta har an shigo da wata yarinya tana jijjiga, ya juya kanta. Na ga gajiya a jikinsa. Ban ga laifinsa ba ranar, yau ma ban gani ba.

Sati na biyu na masu zuwa dubiya ne. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ɗaga fatar idonta ya ce shawara ce, ya aika aka sassaƙo itace aka jiƙa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce iska ce, ai Inna tana kai maruƙa gindin tsamiyar bakin tabki da rana tsaka. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya saboda ciwon kan. Aka karɓo rubutu. Duk an yi, duk ta sha, ba ta musa wa kowa ba. Maganin majo ma ta shanye shi har ƙarshe. Dije ta lura da wasu ƙananan ƙuraje a tafin hannunta da ƙafarta, aka ce na zufa ne, wasu suka ce ƙwayoyin ne ba su karɓe ta ba.

Abu guda ta ƙi, wanka. Dije surukarta ce, ba za ta tuɓe gabanta ba. Sai ta sa a ajiye mata ruwa bayan ɗaki, ta dafa bango ta tafi, ta daɗe, ta dawo tana haki. Daga baya ma ta daina zuwa, sai dai Dije ta goge mata fuska da hannuwa da jiƙaƙƙen tsumma.

Wata rana da azahar ina zaune bakin ƙofarta sai na ji ta ce, "Hamadu."

Ban amsa ba, don ban gane da ni ake ba.

"Hamadu, kore maruƙan nan, sun cika mani ɗaki."

Ba maraƙi ko ɗaya a ɗakin. Umaru yana nan, ya tashi ya fita, ya nufi wajen garke. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na sha zaton in ranar ta zo wani abu zai motsa a ƙirjina. Abin da ya zo mani kawai shi ne, gobe ba kasuwa, ina za mu sami mota. Na shiga na kaɗa hannu kamar mai kora, na ce, "Sun hita, Inna." Ta ce, "Madalla."

Muka koma wurin majo, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Ba sai na faɗi sunan wurin ba, abin da muka gani can duk wanda ya yi jinya da damina ya gan shi a wani wuri. Umaru ya saida rago, da kuɗinsa muka shiga. Yara bibbiyu kan gado guda, manya a baranda kan tabarmi, kwalaben ƙarin ruwa rataye jikin taga. An sake gwada jininta, wannan karon ya nuna palu. Aka ce mai tsanani ne. Na ji kamar an sauke mani kaya, ko ba komai ciwon ya sami suna.

Aka fara allurai da ƙarin ruwa. Kowace safiya takardar magani sabuwa, in tafi farmasi, in babu in fita cikin gari. Wata rana a ce kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki, labo ba ta gwajin jini, a dawo gobe. Wata rana ka tambayi mai farar riga abin da ake ciki, ya wuce kamar da bango kake magana. Amma akwai wata madam cikin ma'aikatan jinya, gajeriya, mai zanen Gobirawa a fuska. Jijiyoyin Inna sun ɓuya, an soke ta har hannun ya kumbura, ita ce ke zuwa ta durƙusa, ta shafa hannun a hankali tana yi mata hira da 'yar Fillancin da ta iya, ta samu a karo guda. Ranar da Inna ta ɓata zanenta, madam ɗin ta kore mu waje, ta ciro nata daga jaka ta rufa mata. Ban san sunanta ba. Allah Ya san shi.

Alluran palu suka ƙare, masassara tana nan. Aka ce to wataƙila akwai tifoyid a ciki, aka sake magani. Kuɗin rago suka ƙare, awaki biyu na Dije suka bi, sannan Umaru ya kora karsana kasuwa. Ni kuma ina ƙarƙashin itace tare da sauran maza masu jinya. A nan na fara lura da kaina. Ina cin abinci sarai, ina barci sarai. Wani mutumin wajen Cake da muke shimfiɗa kusa da juna, ɗansa ya rasu da hantsi. Na kama masa muka naɗe yaron a tabarma, na riƙe masa moto ya hau, na yi masa gaisuwa. Na dawo na ɗauki kwanon shinkafa da wake da na bari a rufe, na cinye.

Wajen ƙarshen satin zafin ya ɗan sassauta, hankalinta ya dawo. Ta dubi ɗakin, ta dubi matar da ke nishi kusa da ita, ta ce wa Umaru, "Ka ce ma wancan ya kai ni gida." Su ma suna bukatar gadon. Aka rubuta mana ƙwayoyi aka sallame mu.

Hajo ba ta zo ba duk wannan lokaci. Tana aure a wani ƙauye gaba da Cake, tana cikin jego, ruwa kuma ya yanke hanyarsu. Bayan an sallame mu ta iso, da jariri a baya, ta yi rabin tafiyar a ƙafa. Ta iske masassara ta dawo, ƙafafun Inna sun fara kumbura. Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ta miƙa wa Dije jaririn, ta ɗora ruwa, ta shiga ta saki asabari. Ita ɗiyarta ce, Inna ba ta hana ta ba.

Can ta fito, hannunta jiƙe, ta same ni gindin rumfa.

"Hamma, wa ya duba jikin Inna a likita?"

"An duba. An ɗibi jini har sau nawa."

"Jikinta nike nufi. Akwai wani abu ƙasan hammatarta, inda zane ke rufewa. Baƙi ne ƙirin, kamar an ɗora mata garwashi, gefensa ya yi ja. Ga kaluluwa kusa da shi kamar ƙwan zabo."

"Kin tambaye ta?"

"Ta ce kaska ce. Tun kahin ta kwanta. Tana cire ma maruƙa, guda ta hau ta ba ta sani ba, sai da ta ƙoshi. Da ta fizge ta kan ya tsaya ciki, ta shafa toka da man shanu."

Na ce, "Kaska kuma. Wa kaska ba ta ciza ba cikinmu?"

Haka na ce, haka kuma duk wani ɗan rugga zai ce. Tun muna yara muke tsince ta a kunnen shanu da nonon saniya, mu murƙushe da farce ko mu jefa wuta. Ta kama mu a ƙafa, a wuya, mu cire mu wuce. Mun san tana rame dabba, tana sa mata ciwo. Ban taɓa jin an ce ta kwantar da mutum ba.

Hajo ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin cizon kaska haka ba. Kuma tun da na zo ba ta yi fitsari ba. Dije ta ce jiya ma kaɗan ta yi. A mai da ta likita."

Baffa ya ce an wahalar da ita ya isa, a bar ta ta huta a ɗakinta. Hajo ba ta yi masa musu ba, ta dai shiga ta fara ɗaure kaya. Na kira wani abokin aikina, mushe a Tasawa, ya ce akwai wani tsohon lokotoro da ya bar aikin gwamnati ya buɗe 'yar kilinik a gari, yana da haƙurin sauraro. Muka fitar da ita a amalanke zuwa bakin hanya, muka tari motar 'yan kasuwa. Aka kwantar da ita kan buhuna, kanta a cinyar Hajo. Ni ina riƙe da jaririn.

Lokotoron dattijo ne mai furfura, ba ya sauri. Ya karɓi takardun da muka tara, ya karanta su duka. Hajo ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ce ta dakata. Ya ce ni da Umaru mu fita, ya ja labule, ya kira wata ma'aikaciya mace. Sun daɗe. Da ya fito ya wanke hannu, ya kira ni ofishinsa.

"Mushe, shanu gare ku?"

"E."

"Ita ke taɓa su?"

"Kullum."

Ya gyaɗa kai. Ya faɗi wata kalma da Faransanci, riketsiyoz, ita kaɗai ta zauna mani cikin duk abin da aka faɗa a jinyar nan. Ya ce ƙwayar cuta ce da wata kaskar ke ɗauke da ita, in ta ciji mutum ta zuba masa. Baƙin tabon, da kaluluwar, da ƙurajen tafin hannu, da masassarar da ta ƙi jin maganin palu, duk sun tafi tare.

"Ba ni iya rantse maka," in ji shi. "Gwajin da ke tabbatarwa ba a yin shi nan. Amma ba zan jira shi ba."

Na ce, "To palun da aka ce?"

"Mai yiwuwa tana da shi. Da damina mutane da yawa in an gwada za a gani, ko ba shi ya kwantar da su ba. Abokan aikina ba ƙarya suka yi maka ba. Sun ga abin da suka nema."

Ya rubuta magani, na tafi farmasi. 'Yan ƙwayoyi ne cikin leda. Da aka faɗi kuɗin sai na sake tambaya, na zaci ban ji daidai ba. Bai kai kuɗin kwalbar ruwa guda cikin waɗanda muka yi ta saye ba. Na dawo na ajiye masa a tebur, na faɗa masa haka.

Ya ce, "Haka yake. In an sha shi da wuri, yawanci cikin 'yan kwanaki mutum ya tashi. Amma zan gaya maka gaskiya, ƙodarta ta taɓu. Za mu kashe masassarar in Allah Ya so. Sauran sai mun gani."

Na zauna. Ban san abin da ake tambaya bayan irin wannan magana ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Lokotoro, ciwon nan yana da yawa a ƙasar nan?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya yi aiki a ɓangaren Mayahi, ya yi a ɓangaren Tasawa. Kowane ƙarshen wata, kowace likita tana aika rahoton cututtukan da ta gani zuwa sama. Palu da gurbinsa, gudawa da gurbinta, tamowa, ƙyanda, kowa da nasa. Wannan ciwon bai taɓa ganin an ware masa wuri ba.

"In ka bi rahoto, sai ka ce kaska ba ta cizon kowa tun daga Kona har Cake. Ka dubi kuma yawan dabbar da ke tsakani. Wanda ya sha maganin da ya dace bisa sa'a ya warke, an rubuta tifoyid. Wanda ya mutu, an rubuta palu. Wanda ya mutu a rugga ba a rubuta komai."

"Kenan yana da yawa."

"Ban ce ba. Yana iya zama da yawa, yana iya zama kaɗan. Ni ban sani ba, Mushe, kuma ban san wanda ya sani ba."

Maganin ya yi aiki. Kafin a je ko'ina zafin ya sauka, bai kuma dawo ba. Ta buɗe ido sosai, ta sha kunu, ta karɓi jaririn Hajo ta duba kunnuwansa ta ce na kakansa ne. Ta koma ce mani wancan. Umaru ya yi ta kiran 'yan rugga yana cewa an samu sauƙi. Amma fitsarin bai zo ba sai ɗigo. Kumburin ya hau har fuska. Shaƙuwa ta kama ta, ba ta saki. Kunun da ta sha ya fara dawowa.

Lokotoro ya tara mu ya ce abin ya fi ƙarfin wurinsa. Sai Maraɗi, daga can ma mai yiwuwa a tura mu gaba, inda ake wankin ƙoda. Bai ɓoye mana ba, ya ce tafiya ce mai tsawo da tsada, kuma ba ya iya yi mana alkawarin komai. Umaru ya ce ko garken duka ne a saida. Na ce a nemi mota. Muna wannan magana bakin gadonta, mun zaci barci take.

Ta buɗe ido ta dube ni, ni kaina, ba Umaru ba.

"Ba ni zuwa."

"Inna, can akwai na'urar da..."

"Na ji abin da ya ce. Kunnena lahiya lau." Shaƙuwa ta katse ta, ta jira ta wuce. "Shanun nan ubanku ya bar su, 'ya'yanku za su sha. Ba a ƙarar da su kan tsohuwa. Kuma ba ni son a binne ni inda ba wanda ya san ni. Ku kai ni gida."

Na yi magana mai tsawo, irin ta aji. Na kawo dalili bayan dalili. Ta rufe ido tun ina tsakiya. Hajo ta taɓa hannuna ta ce, "Hamma, ya isa." Lokotoro ya tambayi Inna da kansa, sau biyu, ta maimaita masa. Bai matsa ba. Ya rubuta abin da zai rage mata wahala, ya koya wa Hajo yadda za ta riƙa juya ta, ya ƙi karɓar kuɗin kwanan ƙarshe.

Gero ya fitar da kai lokacin da muka koma, amalanke yana ratsa gonaki zangarniya tana shafar ta. Ta ce kada a sa ta ɗaki, a shimfiɗa mata a rumfa inda za ta riƙa ganin garke. Ta yi 'yan kwanaki a nan, yawanci barci. Ta rasu ranar kasuwar Sarkin Hausa, da hantsi, mata suna wucewa da ƙore a ka. Hajo na gefenta, Umaru ya kai shanu tabki. Ni ina gyaran sarƙar moto, Dije ta zo ta tsaya bayana. Na goge hannu da tsumma, na je na rufe mata ido, na aika a kira Baffa. Daga baya Hajo ta gaya mani, da suna yi mata wanka ta duba wurin. Ɓawon ya faɗi, tabon ya kusa warkewa.

Wurin zaman makoki mutane suna tambaya mi ya same ta. Da farko ina cewa kaska ce. Sai a dube ni, a ce Allah Ya jiƙanta. Baffa ya ja ni gefe ya ce in daina, mutane za su ce boko ya taɓa ni, kwananta ne ya ƙare. Na ce haka ne, Baffa. Kuma haka ne ɗin. Daga nan duk wanda ya tambaya sai in ce masassara.

Bayan bakwai na kira lokotoro na faɗa masa. Ya yi mani gaisuwa, ya ce ya gode da na kira, yawanci ba a kira. Na tambaye shi ko ya sa ta a rahotonsa na wata. Ya ce ya sa. Na ce a ina. Ya ce cikin "sauran cututtuka", can ƙasan takarda, tunda ba shi da gwajin da zai kafa hujja da shi.

Ga abin da Hajo ke son in faɗa, ni ma ina so. In mutum ya sha maganin palu har ya ƙare masassara ba ta sauka ba, a koma likita, kada a zauna jira. A duba jikinsa duka, hammata, matsematsi, bayan gwiwa, cikin gashi. In uwa ce, a nemo ɗiyarta ko 'yar'uwarta, wadda ba ta jin kunyarta, tun a satin farko. In an ga baƙin tabo kamar ƙuna, ko an san kaska ta kama shi, a faɗa wa likita ko bai tambaya ba. 'Ya'ya maza su fita daga ɗakin in ana duba ta. Kaska kuma a daina murƙushe ta da farce, a cire ta a hankali har kanta, a wanke wurin da sabulu. Ba na cewa kowace masassara ita ce. Palu yana nan, yana kisa, a gwada shi a sha maganinsa. Ku kuma masu aikin likita, mun ga yawan mutanen da ke kanku, mun ga gajiyarku, Allah Ya saka maku. Tambaya guda muke roƙo ku ƙara, ko mara lafiya yana taɓa dabba. Da labule, ko na buhu ne. Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan yaron mutumin Cake, Ya ba marasa lafiya lafiya.

Da aka koma lakwal na koma Kona. Sai bayan an yi arba'in na sake zuwa rugga, na kwana. Umaru ya ba ni labarin wata jar saniya da ake kira Wule, wadda tun tana karsana Inna kaɗai ke tatsarta. Tun rasuwar ta riƙe nono. Dije ta durƙusa, ta harbe ta. An ɗaure mata ƙafa, an kawo maraƙinta, ta bar shi ya sha, amma hannu ya taɓa sai ta ɗauke. Na ce to, ban tambayi yadda suka ƙare ba.

Da safe na fito da buta. Rana ba ta gama fitowa ba, shanu suna tsaye cikin garke. Gindin jar saniyar akwai mace durƙushe, ta ba ni baya, ta jingina goshi da cikin saniyar. Zanen Inna ne jikinta, baƙin saƙin nan mai ratsin fari, da kallabinta. Saniyar ta juyo da kai tana shinshina kafaɗarta, ta tsaya cik. Ina jin ƙarar madara tana bugun ƙwarya.

Na san Dije ce. Ina ganin dugaduganta, na yarinya ne, ba faso. Na tsaya nan da buta a hannu har ƙwaryar ta cika.

Ta miƙe ta juyo ta gan ni, ta daburce, ta kai hannu ga kallabin za ta cire.

"Hamma, ku yi haƙuri. Baffa ya ce a gwada, kada a wanke zanen. Ba ta yarda in ba haka ba."

Na ce, "Ba komi. Bar shi."

Ta tsaya da ƙwaryar ba ta san yadda za ta yi ba. Sai ta ɗebo a ludayi ta miƙo mani. Da ɗuminta. Na sha, na mayar mata da ludayin, na ce gobe ma ta sa.